Jirgin tsohon dogo daga Legas zuwa Kano: abin da kuɗinka zai saya maka

Nisan dogon daga tashar Iddo a Legas zuwa tashar Kano kilomita 1,126 ne, kuma jirgin fasinja yakan ci sa'a 30 ko fiye kafin ya gama shi, idan komai ya tafi daidai. In ka raba, gudun bai wuce kilomita 35 zuwa 37 a sa'a ba. Duk wanda zai sayi tikitin wannan jirgi ya fara da wannan lissafin, domin kusan duk ƙorafin da fasinjoji ke yi daga nan ya samo tushe, haka ma kusan duk amfaninsa.

Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce ke tafiyar da shi. An dawo da shi a watan Disamba na 2012 bayan shekaru yana kwance, da aka gyara dogon kashi biyu: Legas zuwa Jebba, kilomita 488, a hannun kamfanin CCECC na ƙasar Sin, sai Jebba zuwa Kano, kilomita 638, a hannun kamfanin Costain. A tsarin da aka dawo da shi, sau ɗaya a mako yake tashi daga kowane ɓangare, ranar Juma'a daga Legas, ranar Litinin daga Kano, kuma tikitin gama-gari a lokacin bai kai Naira 2,000 ba. Tun daga nan ya sha tsayawa yana dawowa: annobar korona ta 2020 ta tsayar da shi, ambaliya takan yanke dogon, ga matsalar tsaro a dazukan da ke tsakanin Minna da Kaduna. Don haka matakin farko shi ne zuwa tasha da ƙafa a tambayi ma'aikata ko jirgin na tashi a wannan makon, da ranar, da kuɗin. Kada a dogara da jadawalin da aka gani a intanet, sau da yawa tsohon labari ne.

Me ya sa yake jan ƙafa haka

Ba a gina wannan dogo don ɗan Kano ya kai ziyara Ikko ya dawo ba. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne don kwaso amfanin gona da ma'adinai daga cikin ƙasa zuwa bakin teku a kan kuɗi mafi ƙanƙanta. An fara aikin daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, Ilorin a 1908, Jebba a 1909. A Arewa kuwa wani aikin daban aka yi. Gwamna Percy Girouard, wanda dama injiniyan dogo ne da ya yi aiki a Sudan, shi ya jagoranci layin da ya tashi daga Baro a bakin Kogin Kwara a 1907, ya isa Kano a 1911. Nufinsu kaya su sauko ta dogo zuwa Baro, daga nan jirgin ruwa ya ɗauka. Matsalar ita ce kogin ba ya ɗaukar manyan jirage sai a 'yan watannin da ruwa ya cika. A Minna layukan biyu suka haɗu, aka mayar da su hukuma ɗaya a 1912, shekara biyu kafin a haɗe Arewa da Kudu ita kanta. Har bayan haka, a Jebba sai an ɗora taragu a kan jirgin fito a tsallaka da su, sai wajen 1915 gada ta kammala.

Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburorin da suka sare dajin, suka yi cikon ƙasa, da yawansu ba da son ransu ba. Aikin hannu ne, da diga da shebur da kwando a ka. Wannan ma yana da alaƙa da jinkirin da fasinja ke sha a yau. In an tarar da dutse, maimakon a fasa shi sai a kewaye, in an tarar da kwari sai a bi gefensa, domin kewayen ya fi sauƙin kuɗi. Shi ya sa layin ya cika kwana da hawa da gangara, musamman tsakanin Jebba da Kaduna. Direba komai gwanintarsa dole ya sassauta a kwana mai tsanani, in ba haka ba ƙafar tarago ta hau kan dogon ta fita.

Sai faɗin dogon. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067. Sabbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna suna da milimita 1,435. Bambancin milimita 368 ne kacal, bai kai tsawon kamu ɗaya ba, amma shi ya hana jirgin wannan layi hawa wancan. Ƙaramin faɗi yana nufin tarago ya fi yin tangaɗi idan aka ƙara gudu, don haka ko a inda dogon yake miƙe kuma lafiyayye, da wuya a wuce kilomita 50 zuwa 60 a sa'a.

Babban abin da ke cinye lokaci dai shi ne layin guda ɗaya ne tal. Jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tashar da aka yi wa ɗan reshe na gefe. A tsarin da aka gada, an yanka layin gida-gida daga tasha zuwa tasha, kuma direba ba ya shiga wani yanki sai an ba shi izinin da ke tabbatar da cewa babu wani jirgi a ciki. A da sandar ƙarfe ce ake cirowa daga na'urar tasha a miƙa masa, ya kai ta tasha ta gaba. Ma'anar wannan ga fasinja ita ce: idan jirgin kaya da ke tahowa ya makara da sa'a biyu, naku zai tsaya a wata ƙaramar tasha cikin daji ya jira shi sa'a biyun nan cur, inji na ruri, babu mai ce muku komai. Mutane kan ɗauka lalacewa aka yi. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, jira kawai yake.

Abin da ke lalacewa a kan dogon

Ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da ake ji ba ƙaƙƙautawa daga mahaɗar ƙarafa take fitowa. Tsohon dogo gunduwa-gunduwa ne, kowace kimanin mita 12, an haɗa su da faranti biyu na ƙarfe da noti huɗu, an bar ɗan giɓi a tsakani da gangan. Dalili kuwa ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi: gunduwa mai mita 12 takan ƙaru da kusan milimita 4 idan zafinta ya hau da digiri 30. Idan giɓin ya toshe da tsatsa ko ƙarafan suka matso suka haɗe, a zafin watan Afrilu dogon ba shi da inda zai miƙe, sai ya lanƙwashe gefe kamar maciji. Idan kuma ɓarayin ƙarfe suka kwance notin ko suka zare maƙalan da ke riƙe dogon a kan gungumen da aka gitta ƙarƙashinsa, ƙarafan biyu sai su buɗe a ƙarƙashin nauyin jirgi. Yawancin saukar jirgi daga kan dogo a irin wannan layi daga ɗayan biyun nan ne, ko daga na ukunsu, wato ruwa.

Tsakuwar da aka zuba ƙarƙashin dogo aikinta biyu: ta raba nauyi, ta bar ruwa ya tsiyaye. Idan yashi da laka suka cike ta, ko kwalbati ya toshe da shara da ciyawa, ruwan sama sai ya taru a gefe guda na cikon ƙasar har ya ci shi. Da safe sai a tarar da dogo yana reto a sama, ƙasa ta zare daga ƙarƙashinsa. Yankin da ya fi fama da wannan shi ne fadamun Kogin Kwara da rassansa a jihar Neja, daga Jebba zuwa Mokwa har gaba. Saboda haka tafiya a Agusta da Satumba caca ce. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ƙasa ta bushe, zafi bai sauko ba, sai dai a sha ƙura.

Kan jirgin shi kansa dizal ne. A 2010 an shigo da guda 25 ƙirar General Electric, ga wasu na ƙasar Sin da aka kawo a lokuta daban-daban. Idan kai ya mutu a hanya, babu wata dabara sai an turo wani daga babbar tasha mafi kusa, shi ma kuma sai ya bi ƙa'idar layi ɗayan nan. Wannan shi ke mayar da tafiyar kwana ɗaya da rabi ta koma kwana biyu ko fiye.

Cikin taragun

Ajin kujeru uku ne a tsarin jirgin: gama-gari, da kujeru masu na'urar sanyaya ɗaki, da ɗakunan kwana masu gado. Gama-gari shi ne mafi araha kuma shi ne mafi cika, musamman gab da Sallah da ƙarshen shekara, inda hanyar tsakiya takan cika da buhuna da mutanen da ke tsaye. Araha ba ta ado. Ga mai tafiyar sa'a biyar ko shida, kamar Kano zuwa Kaduna ko Ilorin zuwa Ibadan, ya wadatar. Ga mai zuwa ƙarshen layi da iyali ko tsoho ko mara lafiya, ƙarin kuɗin ɗakin kwana ya cancanta, domin dare guda aƙalla za a yi a hanya, kuma ƙofar da za ka rufe a kan kayanka ba ƙaramin abu ba ce.

Akwai abu guda da masu sayen kujerar sanyi ba sa lura da shi. Wutar taragun daga janareton jirgin take zuwa. Idan ya tsaya, taragon da aka yi shi don sanyi, mai tagogi a rufe, shi ya fi kowanne zafi, yayin da na gama-gari ke shan iska ta taga. Kafin a biya, a tambaya ko tagogin taragon suna buɗuwa.

Ruwan bayan gida daga tanki yake, ana cika shi a manyan tashoshi, kuma da wuya ya kai ƙarshen tafiya idan tarago ya cika. Wannan shi ne wurin da aikin ya fi rauni. Mai tafiya ya riƙe butarsa da jarka ta daban don alwala da tsarki, ban da na sha. Na sha kuwa a yi lissafin lita 4 zuwa 5 ga kowane babba, a ƙara idan lokacin zafi ne. Ana sayar da abinci a cikin jirgi, kuma a manyan tashoshi masu talla kan yi dafifi a bakin taga, amma guzurin da ba ya lalacewa ya fi kwanciyar hankali: kilishi, dambun nama, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari. Abinci mai miya ba ya kwana a wannan zafi. A haɗa da tocila, da batirin cajin waya, da maganin sauro don tsayuwar dare a bakin kogi, da bargo idan hunturu ne, domin sanyin asuba tsakanin Kaduna da Zariya ba wasa ba ne. Sabis ɗin waya yakan ɗauke na tsawon lokaci a dajin Neja, don haka a sanar da mai tarba tun daga Minna ko Jebba, kuma kada a ba shi sa'a takamaimai.

Batun salla, matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, kuma a nan ne amfaninsa ke fitowa. Tsayuwar ƙananan tashoshi ba ta da tabbas, tana iya zama minti biyu, tana iya zama sa'a. Wanda zai sauka ya tambayi ma'aikacin jirgi tukuna, kuma ya tsaya kusa da taragonsa.

Inda ya fi mota

Kaya. A nan jirgin yake cin sunansa, domin aikin da aka ƙirƙire shi dominsa ke nan. Ɗan kasuwa mai buhunan wake, albasa, busasshen barkono ko fatu yana biyan abin da bai kai na babbar mota ba, kuma ya huta da shingayen hanya da ake tsayawa a kowanne. Yadda ake yi: a kai kayan tun kafin ranar tashi ko da sassafe, a auna a sikeli, a biya a karɓi rasit, a rubuta suna da tashar sauka a jikin kowane buhu da fenti ko alli mai kama jiki, a kuma tsaya a ga an loda. Rasit ɗin shi ne hujjarka kaɗai idan an rasa buhu. Kayan gwari irin su tumatir ɗanye kuwa haɗari ne: jinkirin kwana ɗaya a cikin taragon ƙarfe ya isa ya mayar da kwando ruwa.

Tarihi ya nuna ƙarfin wannan dogo a harkar kaya, ya kuma nuna iyakarsa. Turawa sun sa ran auduga za ta cika taragun don masaƙun Ingila, amma da jirgi ya iso Kano manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita, wadda guda ɗaya kan ɗauki buhu har 15,000, wani ɓangare na dalilin tara ta shi ne jirgin ya kasa kwashe amfanin da sauri. Layi ɗaya, taragu ƙalilan, sai buhuna su yi ta jiran layi. A 1964 hukumar ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka adadin ya faɗi ƙasa da rabi, bayan yaƙin basasa da bunƙasar tituna da manyan motoci.

Inda dogon ya kai da inda bai kai ba

Mai shirin haɗa wannan jirgi da wata tafiyar ya san taswirar. Gaba ɗaya tsohon dogon Najeriya kilomita 3,505 ne, kuma siffarsa ta biyo kayan da ake nema. Daga Zariya reshe ya tafi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, ƙasar auduga da gyaɗa. Daga Kano wani ya tafi Nguru a 1930. Layin gabas kuwa kwal ne ya haife shi: an gano shi a Udi kusa da Inugu a 1909, aka kafa garin Fatakwal don fitar da shi, dogo ya isa Inugu a 1916, ya haura ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna a 1927, gadar Binuwai ta Makurɗi kuma aka buɗe ta a 1932. Kuzar Jos ta sa aka yi wani ɗan siririn layi daga Zariya, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957 bayan reshen Kafanchan ya karɓe masa aiki. Na ƙarshe shi ne layin Barno, daga Kuru kusa da Jos ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, da bashin Bankin Duniya na 1958, aka kammala a 1964 bayan samun 'yanci.

Dubi abin da aka bari. Sakkwato, cibiyar daular da Turawan suka ci da yaƙi, dogo bai je ba, ya tsaya a Ƙaura. Birnin Katsina babu, Yola babu. A Kudu babu layin da ya haɗa Legas da Fatakwal kai tsaye, mai son yin wannan tafiya a tsohon dogo sai ya hauro har Kaduna ya sake gangarawa. Babu kuma inda ya tsallaka iyaka. Faransawa sun yi nasu da faɗin mita ɗaya cif, na Kwatano a ƙasar Benin ya tsaya a garin Parakou bai kai Nijar ba, don haka ko da layukan sun haɗu, taragon wannan ba zai hau na wancan ba. Yawancin rassan nan yau ko dai babu jirgin fasinja a kansu ko kuma jefi-jefi ne, saboda haka daga Kano ko Zariya ko Kaduna, mota ce za ta ƙarasa da kai.

Ga mai sha'awar tarihi, zama a bakin taga da rana yana biyan kuɗinsa. A Zungeru ana ratsa garin da ya kasance hedikwatar Gwamna Lugga kafin a mayar da ita Kaduna a 1917, kuma mahaɗar dogo na cikin abin da ya ɗaga Kadunan. A Jebba jirgi yakan rage gudu sosai a kan gada, kogin ya rabu biyu da tsibiri a tsakiya. A tashoshi da dama har yanzu ana ganin tsofaffin tankunan ruwa a kan dogayen ƙafafu, na zamanin jirgi mai cin kwal, da gidajen ma'aikatan reluwe masu jan rufi, da unguwannin Sabon Gari da suka tsiro daura da tasha. Abin takaici, ba a kula da yawancinsu ba, babu ko allon da zai gaya wa matafiyi abin da yake kallo.

Idan aka gwada tsohon jirgin da sabon layi, ba a ma haɗa su. Na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, na 2021, kowannensu sa'a biyu da 'yan kai ne, kujera mai lamba, lokacin tashi sananne. Mai zuwa Ibadan daga Legas ba shi da dalilin hawa tsohon. Amma har yanzu sabon dogon bai haɗe Legas da Kano ba: tsakanin Ibadan da Abuja babu shi, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ana kan aikinsu.

Mai taron da aka sa wa rana, ko jarrabawa, ko ganin likita, kada ya kuskura. Mai kaya masu nauyi da ba sa ruɓewa, da ɗalibi ko ɗan ci-rani da kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, da wanda ke tsoron gudun direbobin dare, su jirgin yake yi wa rana, muddin sun tabbatar yana tashi, sun binciki halin tsaron hanyar Minna zuwa Kaduna a makon, sun kuma ware kwana ɗaya na daban a kan lissafinsu.